Kwanon Inna Marka

Ku yi mini haƙuri, masu karatu. Ban taɓa rubuta labari ba, ban ma san ko irina ta isa ba. Abin ne ya ƙi barin raina.

Shekara shida Naja'atu tana kai wa uwar mijinta, Inna Marka, abinci a gidansu na garin Gammo, ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba. Haka suka gada tun kakanni suna bin shanu: babba ba ya ci a gaban suruka. Sai ta durƙusa ta ajiye kwano a bakin ƙofa, ta juya. In ta dawo, ta tarar da shi wayam.

Inna ta soma ramewa, maganarta ta koma ta cikin haƙora.

"Tsufa ne," in ji Hammadu, ɗanta na fari, mijin Naja'atu. "Tunda tana cinye tuwonta, sai me?"

Wata Talata likitocin haƙori suka zo daga Kano, suna binciken yadda tsofaffi ke tauna. Naja'atu ce ta raka Inna ƙaramin asibitin garin. Wata likita tana ba kowa cingam mai launi biyu, ja da kore, ya tauna sau ashirin, ta duba yadda launin ya gauraya.

"Da furfurata za ki mai da ni budurwa?" in ji wata tsohuwa. Aka yi dariya.

Da layi ya zo kanta, Inna ta ce, "Yarinyar nan ta fita tukuna."

Naja'atu ta fita, ta tsaya jikin taga.

Cingam ya fito yadda ya shiga, ja daban, kore daban. Likita ta kara ƙaramar rula a haƙoran Inna.

"Inna, buɗe."

"Ai na buɗe."

"Lafiyayyen baki yatsu uku yake ɗauka. Naki ko ɗaya da ƙyar." Ta janye mayafin Inna, ta shafa ƙasan muƙamuƙinta. "Yaushe rabonki da tuwo?"

"Damina biyu. Kunu nake zuƙa."

"Tuwon fa?"

"Awakina suna da baki."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Ɗan fari, ko matarsa?"

Da aka kai ta Kano aka ce ƙari ne, ya riga ya ci ƙashi. Da bara aka zo, da an yi aiki. Inna ba ta ga girbi ba.

Naja'atu ba ta yi kuka ba. Har yanzu, da ta sauke tukunya, awakin nan uku kan je su tsaya a ƙofar ɗakin Inna. Ita kuma ta tsaya da mara a hannu tana kallonsu.

Jama'a, kunya tarbiyya ce, amma kada ta hana mu zama kusa da tsofaffinmu mu ga yadda suke ci. In tauna ta gagara ko baki ya ƙi buɗuwa, a tafi asibiti da wuri.

Iyakar abin ke nan. Bari in tura takardar nan ta ƙarƙashin ƙofar ofishin Malam mai tattara labarai a makarantar garinmu, in wuce kafin a fito daga aji.