Sawun Kailu

Na cafki wuyan rigar Ɗandije, ban sake shi ba sai gaban maigari.

"Ranka shi daɗe, wanga ɗan banza ya sake kashe mini ɗa."

Ɗan maƙwabtanmu ne, ya koyo aikin sa karo, wato tayil, a Yamai. Ɗiyata Hamida ta turo shi ya shimfiɗa mini karon nan mai santsi a ɗaki. Ina kasuwar Filingue ya sa guduma ya farfashe tsohon daɓena na siminti.

A bakin ƙofa kuwa akwai sawun ɗana Kailu. Yana shekara bakwai aka taka simintin tun yana ɗanye. Na zane shi da tsumagiya yana rantsuwa ba shi ba ne. Da damina ƙyanda ta ɗauke shi. Ko hotonsa ba ni da shi. Shekara talatin da hannu nike share sawun nan, tsintsiya ba ta taɓa shi ba.

Maigari ya ce, "Tabawa, mi kike so?"

"Shi maido mini sawun ɗana."

Ɗandije, ƙato da gemu, ya durƙusa.

"Inna, da gangan na fara fasa wurin. Sawuna ne. Ni na taka na gudu gida, ina jin kukan Kailu ta katanga."

Maigari ya ce, "To, yanzu fa?"

Na ce a bar zancen karo, ya yi kyau.

"A samo mini tsumagiya. Bulala goma sha biyu Kailu ya karɓar mishi."