Wanda Ya Ƙone Rajistar

Saura kwana tara a koma kotu Farfesa ta sami adireshin tsohon akawun tashar wutar kwal. Ta soke laccar ranar, ta jefa rakoda a jaka, ta kama hanya.

Shekara talatin da ɗaya tana koyar da tarihin makamashi: itace, gawayi, kwal, fetur, da mutanen da aka ƙona tare da su. Ɗalibai na kiranta Uwar Toka, a bayan idonta dai. Da tambaya ɗaya take buɗe kowane sabon aji: "Da me ake hura wuta a gidanku?" Sai ta ɗaga babban yatsanta mai tabon ƙuna, ta ce ga digirinta na farko, a gindin murhu ta samo shi tana 'yar shekara takwas. Su yi ta dariya, ita ko murmushi ba ta yi.

Littattafai huɗu ta rubuta, amma ɗaya ne ya cinye mata rayuwa: tarihin tashar wutar kwal da ta haska gari shekara arba'in, ta bar unguwar ma'aikata da tari. Mahaifinta masinja ne a can, mutum mai ɗingishi da ƙarancin magana, kuma tarin nan ne ya kai shi kabari. Kamfani ya ce sigari ne. Mutumin da ko ƙamshin taba ba ya so.

Iyalai ɗari uku suka kai ƙara. Bayan shekaru ana ɗage-ɗage, alƙali ya yi magana ɗaya: a kawo rajistar asibitin tashar, inda likitan kamfani ya rubuta abin da ya gani a huhun ma'aikata, ko a kori ƙarar.

Rajistar kuwa ta yi ɓatan dabo. Farfesa ta kwance kwalaye a ɗakunan ajiya har ƙura ta zauna mata a ƙirji. Aurenta ya mutu a kan hanyar neman, ba ta ko tsaya ta'aziyyarsa ba. A ƙarshe ta yanke cewa ƙone ta aka yi, ta kuma rubuta a gabatarwar littafinta: "Wanda ya ƙone rajistar nan ya kashe su sau biyu. Ban yafe masa ba." Ta maimaita wannan a taro ya fi a ƙirga, ana yi mata tafi.

Ta tarar da akawun a kan kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, ido ya tafi, kunne na nan garau. Ta gaishe shi, ta kunna rakoda.

"Ke ce mai tsine wa wanda ya ƙone takardun?" in ji shi. "To, ni manaja ya ba aikin."

Shekara talatin tana tanadin abin da za ta faɗa wa mutumin nan.

"Sai dai ban ƙone ba, 'yata. Na ji tsoron Allah. Kundi bakwai ne. Na yage bangonsu don kada masu gadi su gane, na cusa takardun a buhun siminti, na fitar da su kamar shara."

"Baba, suna ina?"

"Na ba wani amintacce. Na ce ya tura ƙarƙashin gado, kada ya gaya wa kowa, ko matarsa. Bai cika wata ba ya rasu. Ni kuma aka kore ni, tsoro ya hana ni waiwaye."

"Sunansa fa?"

"Ya kwanta mini. Masinja ne dai, yana jan ƙafa. Ki nemi iyalinsa, takardun ba za su ɓace miki ba. Koraye ne, da jan layi a gefe."

Farfesa ta kashe rakoda. Ta daɗe tana kallon yatsanta.

Shekarar da aka binne mahaifinta kananzir ya gagari talaka. Mahaifiyarta ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, ta duba, ta ga jagwalgwalon rubutun da ba mai iya karantawa, ta ce Allah ya kawo sauƙi. Babu abin da ya kai koriyar takardar nan kama wuta. Shafi biyu kowace safiya, shekara uku cur, Farfesa ce da hannunta take hura murhun gidansu da ita.