Yatsan Bahaguwa a Gindin Ganuwa

A bayan gonarmu ta Dauran akwai wani dogon tudu da manya ke kira ganuwa, ko da yake ni ban ga komai ba sai ƙasa da sabara. Wata la'asar bayan ruwa ya ɗauke, na raka kakata Inna, mai ginin tukwane, ɗibar yumɓu a gindinsa. Ruwan ya zaftare gefen tudun, ga fasassun tukwane birjik.

Na tsinci wani bakin tukunya mai jerin 'yan ramuka, na miƙa mata. Ta goge shi da bakin zane, ta sa babban yatsanta na dama a rami ɗaya, bai zauna ba. Ta sauya hannu, sai ya zauna daram.

"Wadda ta gina wagga tukunya bahaguwa ce," in ji ta. "Kuma sauri take, dubi inda ta tsallake."

"Inna, saurin me?"

"Ina zan sani, ɗiyata? Tun ba a haifi kakana ba garin da ke cikin ganuwar ya tashi. Mayar mata da abinta."

Na mayar, raina bai so ba.

Kwanan baya na ga Turawa a waya suna tone wani tsohon garin sojojin Rumawa, suna lallaɓa kowane guntu kamar ƙwai. Ganuwarmu kuwa masu bulo sun kwashe ta a tifa. Har yau ina son sanin abin da ya sa matar nan sauri, ga shi yatsanta yana cikin bangon shagon wani.