Kwanon da ya dawo ta kan katanga

Har yau ba na son warin bleach, ruwan maganin nan na wanke ƙazanta, kuma na san ranar da abin ya fara.

Ina ɗan shekara tara Baba ya samu aiki a wata kwaleji, muka bar unguwarmu Levenshulme, can ƙasar Turawa, zuwa wani ƙaramin gari da babu baƙar fata sai shi. Mama Baturiya ce, ni kuwa duk wanda ya kalle ni sai ya sake kallo.

Ranar Babbar Sallah Baba ya soya naman layya, ya cika kwanon samira, ya ce in kai wa tsohuwar da muke katanga ɗaya. Mama ta ce a nan ba a haka.

Ya ce, "Maƙwabciya ce, tana da haƙƙi. Je ka, Sani, har tukwici za ka samu."

Tsohuwar ta karɓa da yatsu biyu ta rufe ƙofa.

Da la'asar muka ga kwanon a kan katanga, ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba. Na ɗauko, ba komai ciki sai warin bleach mai hawa kai. Mama ta shinshina, fuskarta ta yi ja, ta nufi ƙofa. Baba ya riƙe hannunta, ya dube ni yana murmushi.

"Ka ga mutanen nan da tsafta? Har wanke mana suka yi."

A cikin kwanon ya ci abincinsa ranar, a gabana. Kuma na yarda da maganarsa, abin da ke cin raina ke nan. Shi ya yafe, Allah ya jiƙansa. Ni kam ban iya ba.