Kurungun Da Aka Datse Wa Ƙaya

Tunda ka ce sai ka sallami duk mai yi maka gardama a cikin ma'aikatanka, zauna ka ji ta wani masunci a Yawuri.

Kogi ya fara ja da baya, sai ya haƙa kududdufi a bayan gida, ya zuba kurungu masu rai, don iyalinsa su sami na miya har faɗuwar damina. To, kurungu ka san shi: ƙaya ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, in ya soke ka ranar ba kai ba riƙe filafilin tuƙa jirgi. Masunta kan karye ƙayoyin da zarar sun ciro shi daga taru, amma fa wanda za a kai tukunya. Shi gogan naka da ya sha suka sau biyu a tafin hannu, sai ya ce gara ya huta gaba ɗaya. Ya ɗauki wuƙa ya bi kifin ɗaya bayan ɗaya, ya datse kowace ƙaya har da fiffiken da ke jikinta, ya mayar ruwa. Wani tsoho da ya yi shekaru yana su a bakin teku ya leƙo ya ce, "Fiffiken baya shi ke hana kifi mirginawa, na gefe su ne linzaminsa. Na ga shak, ƙaton kifin nan na teku, da girmansa, an yanke masa su an jefa a ruwa, ƙasa ya yi kamar dutse." Masunci ya ce ai wutsiya ce ke tuƙi, ita kuwa bai taɓa ta ba.

Wutsiya dai ta yi aikinta. Kifi ya kaɗa ta, ya yi gaba, sai ya karkace, ya yi ta kewaya wuri ɗaya. A watsa dusa nan, ya nufe ta, ya wuce ta gefe. Kwana shida kifin ya bi mutuwa, ruwan ya fara wari. Matarsa ta tsince abin da bai lalace ba ta yi banda, bai cika kwando ba. Ranin nan kaf gidan masunci miyar kuka lami aka sha, hannun maigida kuwa lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Sai ka je ka sake duba mutanen nan naka kafin ka ɗauki wuƙa. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.