Maginiyar Tukwane da Sauron Damina

Kai da kake cewa gidanka a share yake, ba ruwanka da aikin gayyar unguwa, zauna ka ji wani misali.

An yi wata maginiyar tukwane a bakin gari. Damina ta yi nisa, sai 'yarta da ta zo wankan jego ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, gaɓoɓi kamar ana sassara su, ido na ciwo ta ciki, har ta kasa ɗaga jaririnta ta ba shi nono. Da aka kai ta asibiti aka auna jini, aka ce zazzaɓin denge ne. Maginiyar ta duba ɗakin da aka kwantar da 'yar, gadaje sun cika, wasu majinyatan na kwance a baranda ana yi musu ƙarin ruwa, yawancinsu kuma fuskokin da ta sani ne daga unguwarsu. Wata nas ta gaya mata haka ɗakin yake cika kowace shekara daga tsakiyar damina zuwa kaka, rani na yi sai ya zama wayam. Sauron da ke kawo ciwon, in ji ta, mai ratsin fari ne a ƙafa, da rana yake cizo, kuma a ruwan saman da ya kwanta cikin tukunya ko kasko yake hayayyafa. Nan matar ta tuna tsakar gidanta cike yake da tukwanen sayarwa, duk bakinsu a sama. Tana komawa ta kife su kaf, ta rufe randunanta. Allah ya ba 'yar lafiya, ta koma ɗakinta da goyonta.

Ba a jima ba kuma sai ga mijin maginiyar a kwance da ciwon. Matar ta rasa ta inda ya shigo, sai ran da ta leƙa ta katanga ta ga tsofaffin tayoyin maƙwabcinsu mai faci, kowace da ruwa a cikinta, tsutsotsi na wutsil-wutsil. Ta kwaɓa yumɓu ta gina marufan randa, ta gasa, ta bi gida-gida tana rabawa tana bayani. Wasu suka yi mata dariya. Mai facin dai ya ji, ya huhhuda tayoyinsa, limamin unguwa ya yi maganar bayan sallah, mata suka riƙa zubar da ruwan kwanon kaji suna sakewa. Da damina ta zagayo, maginiyar ta je asibitin barkar haihuwar wata 'yar'uwarta, ta tarar da barandar ba kowa. Ba a rasa masu denge ba, amma kowa da gadonsa. Nas ɗin ta gane ta, ta yi dariya ta ce, "Inna, bana ina 'yan unguwarku suka shige?"

To ka ji. Je ka ɗauko tsintsiyarka, don Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.