Marini da Dokar da Ke Tafiya da Baya

Kai da ka ce dokar da aka kama maƙwabcinka da ita ba ta shafe ka ba, gyara zama ka ji labarin wani marini.

A wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu, an yi wani marini mai tsoron doka. Mutum ne da ko tari mai shela ya yi a bakin kasuwa, sai ya tsaya ya saurara, kada tarin ma ya zama doka ce. Katanga ɗaya ta raba gidansa da na wani masassaƙi mai yin turame da akusa. Ran nan mai gari ya fita kilisa, rana ta dafa masa kai, ya nemi inuwa ya rasa. Da ya dawo sai ya sa aka yi shela cewa daga yau duk wanda ya sari ɗanyen itace, gidan yari ne makomarsa. Kowa ya yaba. Masassaƙi ya rataye gatarinsa tun ranar, ya koma tsintar busassun itatuwa. Sai dai kwanaki suka yi ta tafiya ba a kama kowa ba, ita kuwa doka in ba ta ci mutum ba, mai ita gani yake an raina shi. Sai mai gari ya tuna cewa kututturan da ke bayan gari ba aljanu ne suka sare su ba. Dogarai suka shiga gida gida suna kifa turame suna tambayar wa ya sassaƙa, har da turmin da wata tsohuwa ta zo da shi ɗakin miji. Kafin la'asar masassaƙi yana gidan yari, saboda itacen da ya sara tun mai gari bai yi mafarkin rawani ba.

Alƙalin garin ya ce doka ba ta da ido a ƙeya, abin da ke gabanta kaɗai take gani, ya ba da umarni a saki mutumin. Umarni ya isa ƙofar fada, aka yi masa sannu da zuwa, aka ba shi ruwa ya sha, aka ce ya ɗan jira mai gari yana hutawa. Da jiran ya yi tsawo, maƙeri da majemi da magini suka ce masu sana'a su taru su je su zauna a ƙofar fada, kada su tashi sai an bi maganar alƙali. Suka biyo ta marina. Marini ya ɗago daga bakin karofi, ramin rininsa, ruwan baba na ɗiga daga gwiwar hannunsa, ya ce, "Ni ina ruwana? Tun da uwata ta haife ni ban taɓa riƙe gatari ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." A ransa ma ya ɗan ji daɗi, don tun da aka tafi da maƙwabcin nan ƙarar gizago ta daina hana shi barcin rana. Da wasu suka ji marini ba shi zuwa, su ma kowa ya tuna da aikin da ya bari a gida. Waɗanda suka je ba su cika tabarma ɗaya ba, dogari ɗaya ya kore su da harara.

Da damina ta sauka, farin ragon mai gari ya tsinke igiya, ya zame cikin kwatar da ke bayan marina, ya fito shuɗi fes. Waɗanda suka gani sun rantse har kukansa sai da ya rine, ni dai ban gani ba. Aka yi shela: daga yau ba mai zuba ruwan baba a kwata. Mai shela bai gama rufe baki ba marini ya haƙa rami a tsakar gidansa, ya juyar da ruwansa ciki, ya kwanta ya yi barcin mai gaskiya. Da hantsi dogarai suka yi sallama. Ya kai su ya nuna musu ramin yana murmushi.

Babban dogari ya ce, "Rami ya yi kyau, malam. Amma kwatar can tun yaushe ta yi shuɗi?"

"Ai tun zamanin kakana," in ji marini, har da ɗan ɗaga kai.

"To, ka ga har da na kakanka ke nan. Mu je."

Shaida kuwa ba a wahala wajen nemanta ba, tana nan a hannunsa har cikin farce, ba sabulun da zai fitar da ita. Alƙali ya sake ba da umarni a sake shi. Umarnin ya je ƙofar fada ya tarar da yayansa, umarnin sakin masassaƙi, yana nan yana jira, suka gaisa suka zauna tare. Matar marini ta bi gidajen masu sana'a tana roƙo a taru a je. Maƙeri ya ce mata shi fa bai taɓa tsoma hannu a baba ba, majemi ya ce ƙafarsa na ciwo. Karofi ya bushe, kwaɗi suka tare a ciki.

A gidan yari masassaƙi ya ga an turo masa mutum. Ya dube shi, ya matsa gefe ya bar masa rabin tabarma, ya ce, "Sannu da zuwa, maƙwabci. Ashe katangar ma an ɗauke mana."

Shi ya sa magabata suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.